Awakin Kawu Dogara Masu Jan Ƙyalle

Duk wanda ya zauna a Gumel ya taɓa cin karo da akuya mai jan ƙyalle a wuya. To, awakin Kawu Dogara ne, yayan mahaifiyata. Amma kada ka kuskura ka ce nasa ne. Na Ubangiji ne, shi kiwo kawai aka ba shi. Gwauruwa yake nema ya ba ta uwar akuya, in ta haihu ta riƙe 'ya'yan, uwar ta wuce gidan wata. Bai taɓa tambayar wace addini take yi ba, sai dai ko tana da dusa.

Maganarsa ɗaya ce a kan komai: "Mai shi ya sani?"

Fasto ma bai tsira ba. Ranar wata Lahadi ya ja wa'azi har yara suka fara gyangyaɗi, sai Kawu ya ɗaga sanda ya ce lokacin nan da ake ta zubarwa, Mai shi ya sani? Da majami'a ta so a sayar da awakin a sayi lasifika, cewa ya yi Allah ba kurma ba ne, kuma lasifika ba ta haihuwa.

Ni kuwa dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari, don haka a wurinsa ɓarawo ne da bai samu dama ba tukuna. In na je gaishe shi, sai ya zauna tsakanina da turke. In na ce akuyar nan ta yi kyau, washegari ya mayar da ita Gagarawa.

Wata Alhamis ya ɗana mini tarko. Ya kwance wa ɗaya ƙyalle, ya ba maƙwabcinsa Malam Sabo ya kawo mini, wai a ga ko zan karya mata daraja. Ina dubawa na ga shatin ƙyalle a gashin wuyanta. Na ce wa Malam Sabo wannan ba ta sayarwa ba ce, ya kuma gaya wa mai leƙe a bayan motar shanun can ya fito, rana za ta kayar da shi. Kawu ya fito yana kaɗe riga, ko kunya babu.

"Idon da Allah Ya ba ka ke nan, kake ɓata shi a kan la'ada?"

Da ciwo ya kwantar da shi, kowa tambayarsa ɗaya: wa zai bar wa awakin? Matan da ke jiran layi sun tsorata, don in awakin suka faɗa hannun sakarai, shi ke nan. Duk mun ɗauka Fasto ne. Sai ya aika a kira ni, ya zaro ƙunshin jan ƙyalle daga ƙarƙashin matashi.

Na ce, "Kawu, ashe dai ka yarda da ni."

"Ina! Fasto mutumin kirki ne, a kasuwa ɗaya za a wanke shi. Kai ba mai iya cutarka, sai dai kai ka yi cuta. Shi kuma Mai su yana kallonka."

Kawu ya rasu. Yanzu awakin sun kai har Ɗanzomo. In mai saye ya tsare ni a kan mai jan ƙyalle, nakan waiwaya bayan motar shanu kafin in ba shi amsa.

Ubangiji, bawanka Kawu ya dawo maka da kayanka babu ko ɗaya da ta rame. Ka ba shi hutu. Ni kuma Ka riƙe hannuna.