Hular Baba Hodi

Baba Hodi mutumin Gulma ne. Kamun kifi ya gada, sai kifi ya yi ƙaranci a kogin Rima, ya jingine komar kamun kifi ya ɗauki basilla. Shekara goma sha tara ya yi yana ɗinke bakin buhu a wani kamfanin shinkafa da ke Argungu, ba a taɓa dawo da buhunsa don ya ɓarke ba. Tsoho ne mai tsabta. Riga ko ta sha faci, hularsa kullum a wanke take, an yi mata kari.

Ni, Sirajo, mai gadin ƙofa ne a wurin. Akwai al'ada tun kafin zuwana: in an tashi aiki, leburori su share tsakin shinkafar da ya zuba a ƙasa, su raba. Da man fetur ya tashi, kwanon gero ya ninka uku, albashi kuwa ko gezau, wannan sharar ce tuwon gidaje da yawa. Sai sabon manaja ya zo daga Birnin Kebbi, ya ce masu kiwon kaji za su saya. Ya hana ɗiba, ya ce in riƙa laluben kowa a ƙofa.

Na yi rawar kai, ba zan ɓoye ba. Ran wata Laraba na lura hular Hodi ta yi tudu. Manaja yana tsaye, ni kuma ina son ya gan ni.

"Baba, cire hula," na ce.

"Sirajo, ni na yi ma ubanka wankan gawa," ya ce a hankali.

Na miƙa hannu na tuɓe ta da kaina. Tsaki ya zubo masa a fuska, bai kai cikin tafi biyu ba. Furfurarsa ta bayyana gaban mutum sama da ɗari. Ya wuce, hular tana hannuna.

Washegari ba wanda ya taɓa buhu. Wata shida ana gunagunin albashi ba a yi yajin aiki ba, hula ɗaya ta jawo shi. Kwana tara injin yana kashe, har aka ƙara kuɗi, aka maido da shara. Hodi dai bai dawo ba. Yana saƙar igiya a bakin kasuwa, kai ba hula, kowa ya san dalili.

Kunya ta hana ni sakat. Na wanke hular, na kai masa gida, na durƙusa a zaure.

"Na yahe ma, ɗana," ya ce. "Amma kan da anka buɗe gaban jama'a, ba a ruhe shi cikin zaure. Kai ta inda ka tuɓe ta, in zo."

Ban iya kai ta can ba, har ya rasu bara da damina. Kullum da safe mutum ɗarin nan suna wucewa ta gabana, hular kuwa tana cikin akwatina.