Baƙon da Ba Ya Ci a Gabana

A shekarun da aka ba mu jiha, Jalingo ta cika da tifofi da baƙin fuska, kuma kowace uwa a Mayo Gwoi ɗanta ya dawo gida neman aikin gwamnati. Nawa ne kaɗai bai dawo ba. Yana Kaduna yana aiki a masaƙa. Yakan aiko mini da atamfa a hannun direbobi, har matan zumunta suna tsokanata wai ni ce kantin coci, amma ƙafarsa ba ta taka gidanmu ba tun da aka binne babansa.

Na san dalili, ko da yake ba mu taɓa zama mun faɗe shi ba. Tun yana ƙarami ya fi son gindin murhu fiye da bin maza gona. Ya iya kirɓa sakwara kafin yayarsa ta iya. In yana magana hannunsa yakan karye ta wuyan hannu, yaran unguwa su bi bayansa suna kwaikwayo, suna kiransa ɗan daudu. Babansa, Allah ya ba shi hutu, yana ganin bulala za ta miƙar da shi. Ba abin da ta miƙar, muryarsa kawai ta kashe. Ya girma yana tafiya a jikin bango, in ya yi magana sai ka kai kunne kusa. Da ya samu hanyar Kaduna bai waiwaya ba.

Sai wata damina, gab da fitowar sabuwar doya, wani direba ya tsaya a ƙofar gida ya ce ɗana ya ce a gaya mini yana zuwa hutu, shi da wani abokin aikinsa. Ya ƙara da cewa yaron ya ce in gida ya yi musu daɗi za su riƙa zuwa. Wannan maganar ta ƙarshe ita na riƙe. Ranar ko ajin yaƙi da jahilci ban je ba, na tsaya sharar ɗakin da ya daɗe a rufe, ina cewa a raina ko wane ne wannan baƙo, sai ya bar gidana yana lasar yatsa.

Da suka iso ban gane ɗana ba sai da ya yi dariya. Ya yi ƙiba, ya yi haske, kuma tun daga bakin hanya ake jin muryarsa. Na tambaye shi ina ya samo wannan maƙogwaro. Ya ce a masaƙa in ba ka ɗaga murya ba injuna za su haɗiye ka, kuma mutane sun yi yawa, Tibi da Ibo da Nufawa da kowa, ba wanda ya san ko kai ɗan wane ne, ba mai lokacin kallon yadda kake tafiya. Hannun nan nasa yana nan yana karyewa yadda ya saba, sai dai yanzu ba ya ɓoye shi a aljihu.

Abokin dogo ne, Bahaushe daga wajen Katsina, Musulmi. A sashen rini yake aiki, shuni ya kama masa hannu har wuyan hannu, ba sabulun da yake fitar da shi. Tun daga ƙofar gida ya tuɓe takalmi, ya tsuguna can nesa, ya gaishe ni kansa a ƙasa da Hausa mai santsi, ba irin tamu ta kasuwa ba. Na ce a raina wannan ɗan gidan tarbiyya ne.

Na kirɓa sakwara da sabuwar doya, na yi miyar kuɓewa da kaza, na shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaro, na ja kujerata na zauna don in ga yadda za su ci. Ɗana ya faɗa wa kwano kamar an sako shi daga kurkuku. Baƙo ya wanke hannu, ya ɗora hannun a gwiwa, ya ce ya ƙoshi. Mutumin da ya wuni a mota tun daga Kaduna. Na yi ta lallashi, ya yi ta godiya. Da na gaji na tashi na shiga madafa, can anjima kwanonin suka dawo tas, na ce ɗana ne ya cinye na mutum biyu, har na yi masa faɗa.

Washegari haka, jibi ma haka. Ko ruwa na miƙa masa, sai ya karɓa da hannu biyu ya ajiye. Na zauna na yi tunani na gano abin da nake ganin shi ne dalili: Musulmi ne, mu kuwa Kirista, yana tsoron yankanmu da tukwanenmu. Ban ji haushi ba, na ce abu mai sauƙi. Na kama zakara na kai wa mijin maƙwabciyata, wanda Musulmi ne, ya yanka, na dawo ina faɗa da ƙarfi a tsakar gida cewa Malam ne ya yanka da hannunsa. Baƙo ya ce Allah ya saka da alheri, bai ci ba. Na ɗaura zane na tafi Kasuwar Jalingo na sayo tukunya sabuwa fil da kwanoni da ludayi, na dire su a gabansa takardar kanti tana manne, don ya gani da idonsa. Ya dubi tukunyar kamar zai yi kuka, ya ce ai da ban wahalar da kaina ba. Bai ci ba.

Na ce to ko doya ce ba abincinsu ba. Na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka. Na dama fura. Kuma duk lokacin da ya ƙi ci sai in ƙara matso da kujerata kusa, ina cewa ya ɗanɗana ko loma ɗaya, ina tura masa cinyar kaza. Bawan Allah gumi yake yi. Ina jin cikinsa yana kuka daga inda nake zaune. Shi da ɗana suna da wata magana ta hannu da suka koya a cikin ƙarar injuna, sai in ga yatsu suna ta tashi a kan kwano, ɗana yana ɗaure fuska, baƙo yana girgiza kai. Da maraice ɗana ya same ni ina tsinkar yakuwa, ya ce, da ƙaramar muryarsa ta dā, wataƙila za su koma kafin hutun ya ƙare. Muryar ce ta tsorata ni fiye da maganar. Na san in ya fita a haka, atamfa kawai zan riƙa gani.

Da safe na zaga wajen maƙwabciyata. Bafillatana ce mai sayar da nono, katanga ɗaya muka haɗa tun muna amare, kowa a unguwa Goggo yake ce mata. Na zauna na kwashe labari duka na gaya mata, har da tukunya. Tun ina tsakiya ta fara dariya, ta ajiye maburgi ta riƙe ciki. Ta tambaye ni ko yana tuɓe takalmi in zai wuce ƙofar ɗakina. Na ce yana tuɓewa. Ko yana haɗa ido da ni. Na ce ko sau ɗaya. Ko kwano yana dawowa da abinci in na tashi. Na ce tas yake dawowa.

"Ke dai har yanzu ba ki san mutanenmu ba," in ji ta. "Wannan ba ƙyama ba ce, kunya ce. Wa ya taɓa tauna a gaban surukarsa? Kin tasa yaron mutane a gaba kina kashe shi da yunwa. Wace 'yar taki yake nema?"

A wajenmu ma akwai kunyar suruki, amma ba ta kai nan ba. Mijin 'yata yana cin doya a gabana har ya nemi ƙari. Na yi dariya na ce wa Goggo ai ta sani 'yata ɗaya ce, tana Zing da mijinta da goyo a baya, baƙon ma bai taɓa ganinta ba. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa: in ba 'yata ba ce, saura ɗana. Goggo ma ta ji. Dariyarta ta tsaya, ta ɗauki maburgi ta ci gaba da burga nono, idonta a cikin ƙwarya. 

"To, ni dai nono nake sayarwa," ta ce a ƙarshe. "Amma in kina so ya ci, tashi za ki yi ki ba shi wuri."

Daga gidanta zuwa nawa taku kaɗan ne, amma abubuwa da yawa suka same ni a hanya. Ɗana yana da tari da ƙurar auduga ta sa masa, kuma na ga kwalbar zumar da yake sha a jakar baƙo take zama. Na ga yadda baƙo yake tura masa takalmi da ƙafa kafin ya nema. Na ga duk abin dariyar da ya faru a tsakar gida, fuskar juna suke fara duba. Duk na gani, ban dai tara su wuri ɗaya ba. Na shiga madafa na zauna a kan turmi. Ba zan ce na fahimci komai ba, har yau ma ba zan ce ba. Na san abin da ake faɗa a coci, na san abin da ake faɗa a masallacin su Goggo. Na kuma san yaron da ya bar gidan nan yana bin bango, da wanda ya dawo yana dariya har maƙwabta suna leƙowa. Na yi addu'a gajera, na tashi na fere doya.

A tsohuwar baƙar tukunyata na yi miyar ranar. Na zuba a kwano mai murfi, wanda nake ajiye wa manyan baƙi, na kai ƙofar ɗakinsu na dire. Ban kira kowa ba, na ce wa iska ga abincin masu ɗaki. Na ja mayafi na rufe kai, na zaga bayan gida cikin kuɓewata, na yi ta cire ciyawar da ba ta dame ni ba. Daga can ina jin ƙarar murfi, sannan na ji ana fasa ƙashin kaza da haƙori. Ban taɓa jin sauti mai daɗi kamarsa ba.

Can sai ga ɗana. Ya tsaya a bakin kunyar kuɓewa yana kallona.

"Mama, wa ya koya miki wannan?"

"Goggo."

"Ta gaya miki wa ake yi wa haka?"

"Ta gaya mini," na ce, ban ɗago ba. "Da ka faɗa mini tun ranar farko, da ban sayi tukunya ba."

Ya zauna daɓas a ƙasa cikin laka, ya fara dariya, dariyar ta juye kuka, ta sake juyewa dariya. Na bar shi ya gama. Ya ce tun a mota yake roƙon baƙon ya daure ya ci, don kada a gane, shi kuwa ya ce ko yanka shi za a yi hannunsa ba zai kai baki ba a gaban wadda ta haifi ɗana. Faɗan da suke yi da yatsu ke nan. A nan cikin kuɓewa ya ba ni labarin Kaduna na gaske: gidan wata mai tuwo a Kakuri inda irinsu suke taruwa in an tashi daga aiki, su yi girki, su yi wa juna ba'a, in ɗaya ya kwanta ciwo sauran su yi jinya. Ya ce ranar da ya fara shiga, wani tsoho a cikinsu ya ɗanɗana miyarsa ya ce uwar da ta koya masa ta san hannunta. Na ce ya gaishe mini da tsohon.

Na gaya masa abu ɗaya. A waje baƙon abokin aikinsa ne, domin garin nan ba shi da sauƙi a kan wannan, kuma ba na so a taɓa mini ko ɗaya daga cikinsu. A cikin gida kuwa na san wanda nake dafa wa abinci. Ya ce ya ji.

Sun zauna har hutun ya ƙare. Baƙo ya gyara mini rufin madafa, ya rina mini tsofaffin zannuwana suka dawo kamar sababbi, duk ba tare da mun haɗa ido ba. In zan shiga tsakar gida sai in yi gyaran murya tun daga nesa, in ji ana saurin rufe kwano. Ni ma daga ranar na daina kiran sunansa, shi ya sa ba za a same shi a rubutun nan ba. Goggo ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai kullum da rana takan miƙo ƙwaryar fura ta kan katanga ta ce a ba wanda ba ya ci.

Daga nan duk shekara in doya ta fito sai su zo. Sau ɗaya kawai na kama baƙon yana ci. Na dawo daga coci da wuri, na manta gyaran murya, na same shi a gindin murhu da gasasshiyar doya cike da baki, manja yana bin haɓarsa. Ya daskare, ni ma na daskare. Sai muka juya a tare, shi ya yi ɗaki da gudu, ni na yi waje, na bar takalmi ɗaya a tsakar gida. Ɗana ya kusa shiƙewa da dariya, sai da aka ba shi zumarsa.

Sabuwar tukunyar kuwa ban taɓa dafa komai a cikinta ba bayan wancan makon. Ruwan wanka nake ɗora musu a ciki in sun zo.