Zanen Fuskar Inna

Da jikana ya ga yarinya a Unguwar Hajji, magabatanta suka ce sai sun yi binciken asali. Ban ga laifinsu ba, ni ma da 'yata ce haka zan yi. Ta wajen mijina marigayi ba su sha wahala ba, kowa a Karaye ya san gidansu. Da aka zo kaina sai magana ta tsaya. Wai ba a san inda mahaifiyata ta fito ba. Har wani ya ce tsintar ta aka yi.

Yaron ya shigo ya zauna a bakin ƙofa, ko gaisuwar kirki ya kasa.

Na ce, "Maigida, yau ba cefane, sai ɗaure fuska?"

Ya ce, "Iya, sun ce in ba a samo dangin Innarki ba, a bar maganar."

Abin da na sani kaɗan ne. An kawo Inna riƙo garin Turawa tana ƙarama, daga wajen Rogo, matar da ta riƙe ta kuma ta rasu ba ta bar kowa ba. A zamaninsu 'yar riƙo ba ta tambayar gidansu, don kamar ta ce ba a riƙe ta da kyau ba ne. Inna ta yi wannan kunyar har ta koma ga Allah.

Amma fuskarta ba ta ɓace mini ba. Askar gidan ubanta ce: bille a kuncin hagu, gajerun zane uku-uku a gefen ido. Tawa ta gidan mahaifina ce, ba inda za ta kai ni. Sai na kifa sabuwar ƙwarya, na zana fuskar Inna a bayanta da gawayi, na shiga motar Rogo ranar kasuwa.

Wanzamai na fara nema. Wani matashi a cikinsu ya ce, "Iya, nono kike talla?" Na ce ya duba, ko ya kira ubansa. Suka duba, suka ce wannan an daina ta tun kafin a haife su.

To, in ba ta hannun wanzami, ai tana fuskar tsofaffi. Na riƙa zuwa kasuwa bayan kasuwa, ina zama kusa da masu awo, ina bin duk mai furfura da ido. Gwiwa ta kumbura. Ɗana ya ce in haƙura, na ce haƙurin ne ya kawo mu nan.

A rumfar mahauta na gan shi, wani tsoho mai irin askar Inna yana zaune yana korar ƙuda. Na tsaya a kansa.

Ya ce, "Hajiya, nama za ki saya ko ni?"

Na miƙa masa ƙwaryar. Ya daɗe yana kallo, ya shafa kuncinsa. Ban yarda nan take ba, aska kan yi kama. Na ce ya faɗi abin da ya sani. Ya ce mahaifinsa, a Rogo Sabon Gari, ya sha zancen wata ƙanwarsa da aka kai Turawa.

Sai ya tambaye ni, "Bahaguwa ce, ko?"

Da hagu Inna take tuƙa tuwo. Na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Ashe taubashiyata ce ta zo tana harara ta. Tashi, kada ki kore mini ciniki."

Da na koma gida, jikan nawa bai yi murna ba. Gidan yarinyar masu riƙe da unguwa ne, yana tsoron su ji fawa su ja baya. Ya ce, "Iya, a ce manoma ne mana, ai suna noma."

Na ce, "Ban kumbura gwiwa don in samo ƙarya ba. Mahauta ne, kuma haka za a faɗa."

Tsohon ya zo da kansa, da babbar riga, ya shiga zauren gidan su yarinyar tare da ɗana, ya lissafo kakanninsa, bai ɓoye sana'a ba. Ɗana ya ba ni labari cewa da farko har ya cire rai. Can baffan yarinyar ya ce su uba suke nema, ba sana'a ba, kuma ga shi sun gani.

Aka sa rana bayan cirar gyaɗa.