Malam Sammani, Mai Sa wa Dawa Hula

Kullum kafin raɓa ta bushe, Malam Sammani yana gonar gwaji ta bayan Wagini, yana bin dawa kara-kara. Duk wadda ya ga ƙuduji, ciyawar nan mai shanye dawa, bai kassara ta ba, sai ya rufe mata kai da takarda ya ɗaure, kada iska ta kawo garin furen wata dawa ya gurɓata iri. Muka sa masa suna Mai Sa wa Dawa Hula. Ni ma na yi dariyar nan, Allah ya yafe mini.

Shekara biyar yana yi wa masu binciken gwamnati wannan aiki, ana neman dawar da za ta gagari ƙuduji. Sai farin 1973 ya zo. Motarsu ta daina zuwa, aka ce kuɗin bincike sun tsaya. Duk wahalar nan kwano uku na iri ta haifar, cikin tulu, an gauraya da toka, an liƙe baki da laka.

Maƙwabcinsa Salmanu shaida ne. Ran da rumbu ya ƙare, Asama'u, maiɗakin Malam Sammani, ta tsaya kan tulun ta ce, "Haba Malam, yara kwana biyu ba tuwo, ga hatsi a ɗaka!"

Ya ce, "In kin daka, tuwon kwana huɗu ne, ya wuce har abada. Ki ba ni zuwa la'asar."

Ya hau kekensa zuwa kasuwar Batsari ya sayar, ya dawo a ƙasa da garin rogo a ka.

Malam Sammani, kai ne ka shuka irin nan damina biyu ba mai ce maka sannu. Kai ne, da masu binciken suka dawo kai a sunkuye, sun ɗauka an cinye, ka jawo musu buhu biyu. Bana har a garin Zakka an shuka dawar nan, ta kuwa yi kyau.

To, jama'ar gwamnati, yanzu ga kuɗin man fetur. Wallahi a zuba su a bincike, kuma kada a yanke a tsakiya! Akwai sauran geron da zai jure fari, da waken da tsutsa ba za ta ci ba. Ba kullum za a dace da mai sayar da kekensa ba.

Watan nan za ka ajiye aiki. Mun gode, Malam, Allah ya saka. Ku kuma sababbin malaman gona, ku je Wagini ku koya. Ba za ku sha wuyar gane shi ba: shi ne dattijon da har yau yake zuwa gona a ƙasa.