Askin Litinin a Shagon Don Nicanor

A unguwarmu ta bayan kasuwar kifi a Barranquilla, da wuya ka sami namijin da bai taɓa zama a kujerar Don Nicanor ba, kuma babu wanda ya taɓa ƙarasa zance a kanta. Mai aski ne, amma babbar sana'arsa surutu. Yana riƙe da kanka zai ba ka labarin ƙwallo da siyasa da wadda ta yi yaji jiya, ga kiɗan akodiyon yana tashi daga lasifika har madubi na rawa. Abokansa da ke buga wasan domino a ƙofar shagon suna kiransa rediyo mai jini. Matarsa Doña Hermelinda ta ce ko a coci ba ya shiru, muryar kawai yake ragewa.

Kai ɗaya ne tak a unguwar bai taɓa shiga hannunsa ba, kan jikansa Dairo.

Dairo ɗan 'yarsa Yarleidis ne, yana cikin shekara ta bakwai. Ba ya magana, ba ya jure hayaniya, ba ya son a taɓa shi ba zato. Likita ya ba abin suna, Nicanor bai taɓa riƙe sunan ba. Abin da ya sani shi ne duk sanda ya buɗe hannuwa ya kwarara wa yaron kirari, sai yaron ya toshe kunnuwa ya shige bayan uwarsa. Sau ɗaya aka gwada ɗora shi a kujerar, ana kunna injin aski ya yi kukan da har masu kifi suka leƙo. Tun daga nan ko layin shagon ba ya yarda a bi da shi. Nicanor kan mai da abin wasa a gaban mutane, ya ce yaron ya raina aikinsa ne. Amma abin yana cinsa ƙwarai, kuma shi kaɗai ne batun da bai taɓa ba kowa labarinsa ba.

Yarleidis tana zuwa taron wata ƙungiya ta iyayen yara masu buƙata ta musamman, a zauren bayan coci. A can suke aron keken guragu, su raka juna asibiti, wata ta riƙe ɗan wata ta samu ta je kasuwa. Shugabarsu Doña Otilia ce, tsohuwar malamar makaranta da ta raini ɗa irin Dairo har ya yi gemu. Ita ta tako shagon wata safiya, ta miƙa hannu ta kashe lasifikar ba tare da ta nemi izini ba. Ta ce yaransu da yawa ba su da mai yi musu aski, suna neman shagon da zai ware musu safiya ɗaya. Ba kiɗa, ba inji, ba turaren nan mai hawa kai, kuma yaro ya zauna inda ya ga dama.

Nicanor ya ce duk wannan ai ba komai ba ne, ya fara ba ta labarin yadda ya taɓa yi wa wani ɗan dambe aski a cikin mota tana tafiya.

"Saura ɗaya, Don Nicanor," in ji ta. "Bakin."

"Wane baki, Doña?"

"Naka. A rufe za ka bar shi."

Masu domino suka yi dariya har ɗaya ya ƙware da kofi. Suka ce a nemi ya yi askin da ƙafa, zai fi masa sauƙi.

Aka tsayar da safiyar kowace Litinin. Litinin ta farko Nicanor ya sha wuya. Magana ta zo masa har leɓe ya haɗiye, fuskarsa ta kumbura kamar mai ciwon haƙori. Hermelinda ta zo musamman ta zauna a benci, ta ce ita ma mai buƙata ce, shekara talatin da ɗoriya tana jiran wannan safiya. Sannu a hankali ya koyi nuna wa yaro almakashi kafin ya kusance shi, ya koyi tsayawa in kafaɗa ta ɗaga. Ya yi wa wani aski a bakin ƙofa, wata kuma tana zagaya kujera yana bin ta. Da azahar in ya kunna lasifika, duk wanda tsautsayi ya sa ya fara zama shi ke kwasar surutun da aka tara.

Yara suna ta zuwa, ban da Dairo. Nicanor bai tambayi 'yarsa ba, amma duk Litinin idonsa na kan hanya.

Ranar da Dairo ya zo tare da uwarsa, tsayawa ya yi a ƙofa yana sauraron shagon. Da bai ji komai ba sai ya shiga, ya wuce kujera, ya zauna a ƙasa ƙarƙashin madubi yana jera matajai. Nicanor ya dafa bango ya sauka, gwiwoyinsa na ƙara, ya zauna nesa kaɗan. Ya nuna almakashi. Yaron bai kalle shi ba, amma bai gudu ba. Nicanor ya matsa, ya yanke kaɗan, ya jira, ya ƙara.

Gaskiya tun da ya fara sana'a bai taɓa yin aski mai muni irin wannan ba. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ƙeya kamar ɓera ya ci. Nicanor ya ga kada ya zaƙe, ya ajiye almakashin, ya janye hannunsa.

Sai Dairo, idonsa na kan matajansa, ya laluba baya ya kamo hannun kakansa, ya mai da shi kan kansa ya danne.

Yarleidis ta juya ta fuskanci titi. Hermelinda ta matso da kujera don tsohon ya dafa ya tashi, ya girgiza mata kai. Ƙafarsa ta yi tsami, hawaye na bin gashin bakinsa, ga wani mai jiran aski yana leƙe daga waje. Ya bar hannun inda aka sa shi.