Sarkin Dako Zakariya'u da Duwatsun Unguwarmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, ana tsakiyar lodin albasa, Allah Ya karɓi ran Malam Zakariya'u Mahaman, tsohon shugaban sandika, wato ƙungiyar 'yan dako ta Dogon Gao, wanda babba da yaro suke kira Sarkin Dako. Ya cika a ɗakinsa da hantsi, bayan 'yar gajeruwar jinya. Ina cikin aji a Buza ƙanena Walid ya kira ni daga tasha, kuma tun bai gama magana ba na lura babu ƙarar mota ko ɗaya a bayansa. Ya ce 'yan dako sun sauke buhuna a inda labarin ya iske su, wani a bakin mangazar ajiyar kaya, wani a kan katakon hawa, direbobi kuma sun kashe motocinsu. Ba wanda ya ba su umarni.

Baba Sarki, ni ce Fa'iza, ɗiyar Bala, mutumin da ya ja gaba aka tuɓe ka daga shugabanci. Na san akwai masu cewa ba daga bakina ya kamata a ji yabonka ba. To, su yi haƙuri. A gidan da ka yi sanadinsa na ƙarasa girma, a cikinsa kuma na ji ana la'antar shawararka safe da yamma, don haka na fi masu surutun bakin hanya sanin inda zancen ya dosa. Kuma gidan nan namu yana cikin ciniki a ranar da ka rasu. Tun bara mahaifina ya ba Alhaji Nuhu, mai manyan mangaza, magana cewa ranar da ka kau zai sayar masa.

Yaran yanzu ba su san yadda ɗan dako yake kwana ba kafin zamaninka. Bukkokin zana ne a bayan mangaza, a filin mai kaya. Wanda ya yi gardama kan ladan lodi da safe, kafin azahar an watso masa kaya waje. Ina ƙarama na ga an yi wa mahaifiyata haka, ana ruwa, tana tsintar tukwane cikin taɓo, ƙanwata Nasiba goye a bayanta. Laifin mahaifina a ranar shi ne ya ce buhunan bana sun fi na bara girma.

Da aka zaɓe ka, mutane sun zaci batun ƙarin lada za ka fara tayarwa. Sai ka tafi wajen magajin gari ka roƙi faƙon da ke arewa da tasha, wanda ko akuya ba ta tsayawa a cikinsa. Ka samu. Sannan ka kafa dokar da har gobe ba a gama gardamarta ba: duk kamyo, wato babbar motar kaya, da ya shigo fanko don ɗaukar albasa, ba ɗan dakon da zai taɓa masa buhu sai ya fara zuwa tudu, hanyar Karofane, ya sauke mana lodin duwatsu guda. Kai! Ina ka samo wannan tunani? Mutum bai taɓa shiga lakkol ya yi boko ba, ya dubi motar da kowa yake gani kullum tana shigowa babu kaya, shi ya ga unguwa a cikinta.

Masu kaya sun taru sun same ka a rumfar sandika. An yi lallashi, an yi barazana, har kujerar Makka an ce wani ya yi maka tayi. Waɗanda suke wurin sun ce ba ka ɗaga murya ba. Ka bari kowa ya gama, ka ce, "Albasarku tana ruɓewa in ta jira. Dutsi ba shi ruɓewa. Ni ina iya jira." Ka tashi ka tafi alwala.

Haka duwatsu suka fara taruwa. Duk ranar da babu lodi, gayya ce. A jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa a gina masa ɗaki biyu da katanga. Mata su kawo ruwa, maza su kwaɓa ƙasa, kai kuma kana cikinsu da gammo a ka, ba a bambanta ka da kowa sai da tsawo. Na ga ƙato, mai ɗaukar buhu yana waƙa, ya durƙusa yana kuka ranar da aka sa wa ɗakinsa ƙyaure. Wallahi har yau in na tsaya a bakin unguwar na dubi layukan nan, mamaki nake yi. Babu banki, babu furoje na masu agaji, babu nasara mai farar mota. Wuyan mutane ne kawai da taurin kanka.

Amma ba zan yi maka ƙarya a gaban kabarinka ba, kai ma ba ka son ta. Dokar ta ci mutane. Direbobi da yawa sun ce ba za su kashe tayoyinsu a tudu ba, suka juya zuwa wasu kasuwanni. Tashar da take cika ta koma rabi. Manoma sun ga albasarsu tana laushi a rudun ajiya babu mai saye. Shekaru biyu a jere ɗan dako yakan wuni zaune bai samu abin cefane ba. Maza suka watse bida, neman kuɗi a ƙasashen waje, mahaifina a cikinsu. Yana Abijan yana tura kura zazzaɓi ya kama Nasiba, babu abin kai ta likita a Madawa, ta rasu bai gan ta ba. Ya dawo da ciwon baya da zuciya mai tafasa. Shi ya bi gida gida, shi ya tara ƙuri'u, aka sauke ka, aka soke dokar kamyo.

Abin da ka yi washegari shi ne abin da har masu ƙinka suka kasa haɗiyewa. Ka zo tasha da sassafe ka shiga layi, ka sunkuya aka aza maka buhu, ƙarƙashin ikon mutanen da suka kore ka jiya. Ba ka kai ƙara ba, ba ka raba sandika biyu ba, ko da yake da ka ɗaga yatsa rabin tasha sun bi ka. Ka yi ta dako har gwiwa ta ƙi. Sauran gidajen da ƙuri'arsu ba ta fito ba, har da namu, da amalanken jaki da ɗaukar dutsi a ka aka ƙarasa su. Ina makaranta a Tawa lokacin, na dawo hutu na tarar muna da ƙofa.

Tun daga nan gidanmu ya zama majalisa mai ɓangare biyu. Tsoho, wato mahaifina, yakan ce ka saya wa mutane ɗaki da yunwar 'ya'yansu, kuma da ka bar kasuwa ta bunƙasa da kowa ya gina nasa da kuɗinsa. Inna takan ce ta ga garuruwan da kasuwarsu ta bunƙasa, 'yan dakonsu har yau a bayan mangaza suke kwana. Takan ce tun da ta shiga wannan gida ba wanda ya sake taɓa mata tukunya, kuma ɗan dakon Dogon Gao ne kaɗai yake iya ce wa mai kaya a'a ya koma ya yi barcinsa. In an kai ga sunan Nasiba sai kowa ya tashi ya kama harkarsa. Wannan gardama ce na tarar a wurin zaman makokinka, a bakin mutanen da wasunsu ko buhun gishiri ba su taɓa ɗagawa ba. Wani matashi da waya a hannu yana bayyana mana asarar da ka jawo wa gari. Haba! Na so in tambaye shi a ɗakin wa aka haife shi, kunya ta hana ni. Masu yabon ma sun ba ni haushi, don sun share shekarun yunwar kamar ba a yi su ba. Ni dai na kasa raba gardamar. Na rasa ƙanwa, na samu gida, kuma ban san ma'aunin da ake aza waɗannan biyu a kai ba.

Da aka shimfiɗa kwalta ta bi ta gefen unguwar, faƙon da akuya ta raina ya zama abin nema. Masu kaya suna son wurin don su rushe su gina mangaza. Babu dokar da ta hana kowa sayar da gidansa, kai kuma ba ka da sauran muƙami. Sai ka ɗauki wata ɗabi'a. Duk gidan da ka ji dillali zai zo, kakan riga shi, ka shimfiɗa buzunka a ƙofar gidan ka zauna da carbi. Ba ka cewa uffan. Mai gida ya fito ya gan ka, mai saye ya zo ya gan ka, a gaisa, a yi zancen zafi da na damina, a watse. Mutane masu kuɗi da motoci sun sha juyawa saboda tsoho ɗaya mai tsohuwar riga. Kunyar idonka ce kaɗai ta riƙe unguwar nan, kowa kuma ya san haka. Shi ya sa mahaifina, da bai yi maka magana ba tun rasuwar Nasiba, shi ma ya ce wa Alhaji ya jira.

Bayan sadakar uku Alhaji Nuhu ya zo. Ban ga laifinsa ba, magana aka ba shi. Walid yana murna, don yana son a saya masa mota daga kuɗin ya daina ɗaukar buhun wasu, kuma duk wanda ya ga kafaɗun yaron nan ba zai zarge shi ba. Inna ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Ni ina tsaye a bakin zaure.

Tsoho ya dogara sandarsa ya tashi da ƙyar. Ya ce, "Alhaji, na ba ka magana, ban mance ba. Amma taho ka ga abin da za ka saye." Ya ja shi zuwa katangar gabas, muka bi su. Ya buga sanda a kan manyan duwatsun da ke ƙasa.

"Sa'ad da anka yi gayyar gidan ga, na riga na tuɓe shi. Babu kamyo, ni na hana. Ban gayyace shi ba. Da sassafe sai ga shi da gammo nai. Waɗanga na ƙasa duka, daga wanga lungu har wancan, shi ɗai ya ɗauko su daga bakin hanya. Ina kallo nai. Ban ce mai sannu ba. Anka kawo hura, ban ce a miƙa mai ba. Da rana ta faɗi yak kakkaɓe jiki yat tahi."

Ban taɓa jin wannan labari ba, Baba Sarki. Kai ba ka faɗa ba, shi bai faɗa ba, Inna ma ta rufe bakinta duk shekarun nan.

Tsoho ya ce, "Na sama nawa ne, in kana so ka kwashe. Na ƙasa ba ni da ikon sayar da su. Mai su kuwa, kai ma kana wurin munka rufe shi."

Alhaji Nuhu ya daɗe yana duban katangar. Sannan ya ce, "Allah Shi jiƙan Sarki. Na sake ka, Bala." Ya sa takalmansa ya tafi.

Kada a ɗauka komi ya gyaru. Walid bai ci abinci a gida ba ranar, kuma kafin sadakar bakwai ya hau motar Agadas ya tafi bida. Inna tana kuka biyu yanzu, na Nasiba da na Walid. Gidaje da dama a layinmu an riga an yi cinikinsu, na ga ana auna su da igiya. Tsoho kuma bai sauya ra'ayi ba. Da na zauna kusa da shi da la'asar, ya ce mini batun kamyo ba ka yi daidai ba, ko gaban Allah haka zai faɗa. Ya murza gwiwarsa. Can ya ce, "Ke ce mai rubutu. In kin rubuta, akwai abin da za ki sa mini."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Fatsima, wadda ta yi haƙuri da miji mai ba mutane wuyansa ya dawo mata da gajiya. Ina yi wa 'ya'yanka Mukhtar da Shafa'atu da jikokinka ta'aziyya, da dukan 'yan dakon Dogon Gao, na gida da waɗanda suke bida, da manoman albasa na Madawa da Buza da Keita da suka zo jana'iza a kan babura da amalanke. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu.

Ya Allah, ga bawanKa Zakariya'u ya zo maKa. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ka sanyaya masa makwanci, Ka yalwata masa kabari, Ka sauke masa duk wani nauyi. Ka gina masa gida a Aljanna Firdausi. Ka jiƙan Nasiba da sauran waɗanda suka riga mu. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Saura saƙon mahaifina, Baba Sarki. Ya ce in rubuta shi yadda ya faɗa, kada in ƙara masa komi.

"Zakari, sannu da aiki."