Rasuwar da Aka Ɓoye wa Bahijja

Ƙanwata Bahijja matar soja ce, kuma ni dai har yau ban ga abin sha'awa a irin wannan auren ba. Mijinta Mikail mutumin kirki ne, ban ce ba, amma shekara goma sha biyu yarinyar nan tana bin sa kamar jela. Yau Jaji, gobe Ibadan, jibi Maiduguri, daga ƙarshe aka tura shi ofishin jakadancinmu a Turkiyya, suka share shekara huɗu. Ta saba da ɗaure kaya har ko kwali ba ta yarwa. In ta kira ni daga can, ba ruwanta da labarin ƙasar mutane. Daddawa da kuka take nema, sai kuma wa ya haihu a unguwarmu Sheshe, wa ya yi aure.

Da suka sauka Kano, kwana ɗaya Mikail ya yi ya wuce Abuja, ya bar ta da yara biyu a gidanmu. Wallahi sai da ta ba ni dariya. Uwar 'ya'ya guda, ta tuɓe takalmi tana zagaya tsakar gida tana cewa, "Yaya Sa'ida, kin ji ƙasa da ɗumi!" Ta ci tuwon dawa har ta kasa tashi. Mai ruwa ya yi sallama, ta tsare shi da gaisuwa sai ka ce ɗan'uwanta.

Kowa yana murna ban da ni, don akwai abin da na ɓoye mata.

Gwaggo Asibi, ƙanwar mahaifinmu da ke Jakara, ita ta riƙe Bahijja tun daga yaye har ta aurar da ita. Mijin Gwaggo, Baba Ɗalha, baduku ne, shi yake ɗinka wa Bahijja takalmin sallah tana ƙarama. Allah ya yi masa rasuwa lokacin Bahijja tana Turkiyya da cikin wata bakwai, jininta ya hau, likita ya kwantar da ita. Manya suka ce kada a faɗa mata sai ta sauka, haka muke yi wa mai ciki in tana nesa. Ko Mikail ba a gaya wa ba, don ba ya iya riƙe magana a gabanta. Ni aka ɗora wa nauyin faɗa mata.

Ta haihu, na ce bari ta yi arba'in. Ta yi arba'in, na ce bari azumi ya wuce. Daga nan sai kunya ta kama ni. Gwaggo kunnenta ya yi nauyi, ba ta waya, gaisuwarsu ta wajena take bi. Duk Juma'a Bahijja ta ce in gaishe da Gwaggo da Baba, ni kuma in ce za su ji. Wata goma sha huɗu fa!

Ita kuwa Gwaggo ta ɗauka tuni an faɗa. Ta daina ambaton sunan Bahijja. Sau ɗaya ta ce da ni, "Yarinyar da na goya, ko saƙon haƙuri babu." Na sunkuyar da kai.

A cikin gari, wanda ya dawo daga doguwar tafiya ba ya zama sai ya zaga gida-gida, inda aka haihu ya yi barka, inda aka rasu ya yi ta'aziyya. Da safe Bahijja ta ɗauki wata leda ta ce da Jakara za mu fara. Na ce a raina a hanya zan faɗa. Ina! Sauri take kamar ita ce sojan, tana gaishe da duk wanda ta gani. Na ce in mun zo bakin kasuwar Kurmi, muka wuce Kurmi. Na ce a bakin lungu, kafin in buɗe baki ta shige zaure.

Gwaggo tana zaune tana tsince shinkafa a faifai. Ta amsa sallama ciki-ciki, ko ɗagowa ba ta yi ba. Bahijja ta faɗa jikinta ta rungume ta, sannan ta waiga tana leƙen ɗaki.

"Ina Babana? Ko ya fita kasuwa? Rigar sanyi na kawo masa, kada ya ce na manta da shi."

Hannun Gwaggo ya tsaya a cikin shinkafar. "Me kika ce?"

Bahijja ta ɗaga murya ta maimaita, har da dariyarta. Gwaggo ta daɗe tana kallon fuskarta, sannan ta juyo ta kalle ni. A tsaye na faɗi komai, ban rage ko kalma ba. Bahijja ta sulale ƙasa, ledar a cinyarta, ta fashe da kuka.

Sai na ji Gwaggo tana cewa, "Alhamdulillahi. Ashe ba ki ji ba. Ashe ba ki ji ba, 'yar nan!" Hawaye na zuba, amma rabon da in ga fuskarta a sake haka tun kafin rasuwar. Ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ke kuma, mara kunya, zan zo kanki." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Gwaggo ta ture faifai, ta shimfiɗa tabarma da kanta, ta kama hannun Bahijja ta zaunar da ita a kai. Ita kuma ta raɓa gefe ta durƙusa, yadda masu zuwa gaisuwa suke yi. Bahijja ta yunƙura za ta tashe ta, Gwaggo ta danne mata kafaɗa.

"Zauna. Ni an yi mini tawa gaisuwar tun bara. Ke ce ba wanda ya yi wa." Ta share idonta da gefen zane. "Bahijja, Babanki ya rasu. Ya haƙuri?"